Kayan da injin gini ke fitarwa kullum: a adana su ko a bar su su goge?

Ɗanlami_C

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna kula da buɗaɗɗiyar manhaja. Aikin da ake magana a kai yana kan GitHub, lasisinsa GPL, da C++ aka rubuta shi, kuma duk lokacin da aka turo gyara ko aka haɗe reshe, GitHub Actions, injin gini na GitHub, na gina shi da kansa, wato ya mayar da kod ɗin ƙunshin da ake saukewa a gudanar. Gini ɗaya na fitar da ƙunshi shida: biyu na Linux, biyu na Windows, biyu na macOS, kowanne kusan megabait 80, wato megabait 480 ke nan a jimla. Gini ɗaya na cin minti 40, kuma a rana akan yi kamar 25. In an lissafa, gigabait 12 kullum, a shekara ya haura terabait 4.

Yanzu dai ba a taɓa saitin komai ba, bayan kwana 90 kayan sai su ɓace. Masu kula da aikin sun rabu biyu. Wasu na cewa a kwashe komai zuwa ma'aji na dindindin, don ba a san ranar da za a nema ba. Wasu kuma na ganin ɓarnar wuri ce, tunda kod ɗin na nan, duk ranar da aka so sai a sake ginawa. Akwai ma wanda ya ce a riƙa zuba su cikin ma'ajin Git ɗin kansa. Wanne ya fi? In kuma adanawar za a yi, me ake adanawa, a ina, har tsawon wane lokaci?

Rukayya_A

Wa alaikumus salam, Malam Ɗanlami. Bari in fara da mai sauƙin: maganar zubawa cikin Git a ajiye ta gefe tun yanzu. Git ba ya mantuwa. Fayil ɗin da aka saka yau, ko an goge shi gobe, yana nan a tarihi, kuma duk wanda ya kwafi ma'ajin sai ya ja shi. Ƙunshin da aka riga aka matse ba ya ƙara matsuwa, bambancin sigar jiya da ta yau ma Git ba ya iya rage shi yadda yake yi wa rubutu, don haka kowane gini kusan cikakken nauyinsa yake ɗorawa. GitHub ma na gargaɗi idan fayil ya wuce megabait 50, ya ƙi karɓa idan ya wuce 100. Naku na 80 zai shige da gargaɗi, wanda shi ne ma ya fi muni, don babu abin da zai tsayar da ku sai ranar da sabon mai ba da gudummawa ya zauna jiran gigabait ɗari kafin ya gyara harafi ɗaya. Fitar da su daga baya kuwa sai an sake rubuta tarihi, lambar kowane kwamit, wato kowane gyaran da aka shigar a tarihin, ta canza, rassan mutane su wargaje.

Sauran tambayar ta yi wuya ne saboda kun haɗa kaya iri uku a buhu ɗaya. Cikin gini 25 ɗin nan, mafi yawa na gyare-gyaren da ba a ma karɓa ba tukuna ne. Amfaninsu ɗaya: mai duba gyaran ya sauke ya gwada. Da an haɗe gyaran ko an rufe shi, sun zama bola. A matakin upload-artifact, wanda ke ɗora kayan ginin, ku sa retention-days, wato kwanakin ajiya, ya zama 7, in masu dubawarku na da jinkiri ku sa 14. Wannan kaɗai ya cire mafi yawan nauyin.

Na biyu shi ne sigar da kuka sanya wa lamba kuka sanar wa duniya. Wannan ba a goge ta, har abada. Kuma ba a barin ta a wurin ajiyar wucin gadi na Actions, domin a ma'aji na kowa da kowa kwana 90 ne iyaka, ba a iya ƙarawa, sannan sai mutum ya shiga da asusunsa kafin ya sauke. Wurinta shi ne shafin Releases, inda ake buƙatar kowane fayil ya kasance ƙasa da gigabait 2. Abin da mutane ke yawan mantawa shi ne rakiyarta. Tare da ƙunshin a ajiye cikakken kod ɗin da aka gina shi da shi, da fayil ɗin SHA-256 na kowane ƙunshi, wato lambar da ke tabbatar da cewa ba a canza shi ba, da sa hannu, da rahoton ginin daga farko har ƙarshe, da jerin laburaren da aka haɗa da lambobin sigarsu. Rahoton gini ma kwana 90 yake yi a GitHub, kuma in an matse shi bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na ƙunshin ba, amma shi ne zai amsa tambayar da za ta zo bayan shekara biyu: wace sigar OpenSSL ce a cikin abin da kuka saki?

Sai alamomin bin diddigin kuskure: PDB a Windows, dSYM a macOS, fayilolin debug da ake cirewa daga na Linux. Idan manhaja ta faɗi a hannun mai amfani ya turo rahoto, abin da ke ciki adireshi ne tsagwaron lambobi. Ba za a mayar da su sunan aiki da lambar layi ba sai da alamomin wannan ginin ƙafa da ƙafa. Na ginin da aka sake yi daga kod iri ɗaya ba lallai su dace ba, kuma kayan aikin na duba lambar shaidar da ke cikin fayil ɗin su ƙi karɓa. Alamomin sukan ninka manhajar girma, musamman a C++, amma na sigar da aka saki ba abin tsimi ba ne.

Na ukun shi ne ake iya jayayya a kai: ginin dare, wanda ake yi sau ɗaya a rana daga babban reshe. Ni ina goyon bayan a adana shi, da tsefewa. Dalilin shi ne farautar ranar da abu ya lalace. A ce wani ya zo ya ce bara kaza na aiki, bana ba ya yi. In ana shigar da kwamit 10 a rana, shekara ɗaya ta tara 3,650. git bisect, umarnin da ke neman kwamit ɗin da ya ɓata abu, na raba su biyu-biyu, mataki 12 ya isa, amma kowane mataki gini ne na minti 40, awa 8 ke nan, in ma tsohon kod ɗin ya yarda ya ginu. Da ajiyar dare kuwa, sauke ƙunshi tara ya nuna maka ranar, sai gini huɗu ya nuna kwamit ɗin. Kuma wanda ya kawo ƙarar, ko bai iya gini ba, zai iya yin matakin farko da kansa. Mozilla a kan wannan ta gina mozregression, Rust na da cargo-bisect-rustc, Chromium na da nasa, duk sun dogara ne da tsoffin gine-ginen da aka ajiye.

Tsefewar kuwa haka take: na kullum a bar su kwana 60, wato kusan gigabait 29. Daga nan a bar ɗaya a mako har shekara biyu, wasu gigabait 46. Abin da ya wuce haka ɗaya a wata, ƙasa da gigabait 6 a kowace shekara. Daga terabait 4 an dawo ƙasa da gigabait 100.

Inusa_M

Na yarda da Malama Rukayya a kan rabon, amma ina so in tsaya a kan waɗanda ke cewa kod na nan, za a sake ginawa, domin maganar tasu na da gaskiya rabi, kuma rabin da babu shi ne ke cizo.

Ƙunshin da ya fito ba daga kod kaɗai ya fito ba. Ya fito daga kod, da kwamfaila mai fassara kod ɗin zuwa manhaja, da laburare, da injin da aka yi ginin a kai, da duk abin da aka jawo daga intanet a wannan ranar. Huɗu daga cikin biyar ɗin ba a hannunku suke ba. Idan fayil ɗin aikinku na cewa ubuntu-latest, to abin da wannan suna ke nufi na sauyawa, kuma ko kun rubuta lambar siga, GitHub na sabunta kayan da ke cikin injin kusan kowane mako, daga baya ya janye shi gaba ɗaya, kamar yadda aka janye ubuntu-20.04 a 2025. A 2024 macos-latest ya tashi daga injin Intel ya koma na ARM, ga wanda bai lura ba ƙunshinsa ya canza iri ba tare da ya taɓa layi ɗaya ba. Laburaren waje ma haka: Bintray, wani ma'ajin laburare a intanet, ya rufe a 2021, rubutun gini da yawa da ke jawo kaya daga can suka tsaya cak. To kwamit na shekara uku baya, wa ya ba ku tabbacin zai ginu yau? In ma ya ginu, sabon kwamfaila ne ya gina shi, kuma matsalar da ake nema tana iya zama daga tsohon take.

Hanyar da ake bi a rage wannan ita ce gini mai maimaituwa, wato a gina sau biyu a sami fayil iri ɗaya bait da bait. Abubuwan da ke hana hakan sanannu ne. Agogo na farko: __DATE__ da __TIME__ a cikin kod, da lokacin da tar da zip da gzip ke maƙala wa fayiloli. Maganinsa a sa SOURCE_DATE_EPOCH ya ɗauki lokacin kwamit na ƙarshe, a miƙa wa tar wannan lokacin da --mtime, a ba gzip zaɓin -n. Sai hanyar jakar da aka yi ginin, wadda ke shiga cikin alamomin debug. GCC da Clang na da -ffile-prefix-map don wannan. Sai jerin fayiloli, domin tsarin diski ba ya alkawarin jero su iri ɗaya, don haka a ba tar --sort=name. Hoton Docker kuma, wato naɗaɗɗen kwafin injin da ake ginin a ciki, a kira shi da lambarsa ta sha256, ba da sunan tag ba, don tag ana iya ɗaga shi a ɗora wa wani hoton. In an gama sai a gina sau biyu a injuna daban, a ba diffoscope ya nuna inda suka saɓa.

Amma ku lura da masu tsarin Linux na Debian, waɗanda suka fara wannan aiki gadan-gadan tun 2013. Duk da haka suna riƙe da snapshot.debian.org, wanda ke ajiye ƙunshinsu tun daga 2005, kuma kowane gini na barin fayil ɗin .buildinfo da ke lissafa ainihin sigar duk abin da aka yi amfani da shi. Dalili a fili yake: maimaita gini na buƙatar tsoffin kayan aikin, su ma sai an ajiye su. Wato wanda ya ƙi ajiye ƙunshi mai megabait 480 zai ƙare da ajiye kwamfaila da laburare da hoton injin, waɗanda suka fi shi nauyi. Sannan ko an maimaita, da me za a kwatanta in ba a ajiye na asalin ba, ko aƙalla lambarsa ta SHA-256?

A Windows da macOS akwai ƙarin ƙulli. Sa hannun da ake yi wa manhaja na ɗauke da hatimin lokaci, don haka fayil mai sa hannu ba zai taɓa fitowa iri ɗaya sau biyu ba. A ajiye duka biyu, na kafin sa hannu da na bayansa.

Inda na ɗan saɓa da Malama shi ne na wata-wata da suka wuce shekara biyu. A ganina sigogin da aka saki sun riga sun cike wannan gurbi, in dai kuna saki sau uku ko huɗu a shekara. Amma gigabait 6 ba abin faɗa ba ne.

Hajara_sec

Abu ɗaya da ba a taɓo ba: duk abin da kuka ajiye a fili, kun rarraba shi ke nan, kuma nauyinsa na wuyanku.

Ta fuskar lasisi, GPL ba ta bambanta sigar da aka yi wa biki da ta dare. Ka ba mutum ƙunshi, dole ya sami kod ɗin da ya dace da shi. A siga ta 2 akwai zaɓin rubutaccen alkawari mai aiki na aƙalla shekara uku, amma mafi sauƙi a ajiye kod ɗin a wuri ɗaya da ƙunshin. Nuni zuwa lambar kwamit kaɗai na da rauni, don ana goge reshe, ana sake rubuta tarihi, ƙananan ma'ajin da aka jingina da su na iya ɓacewa. Haka kuma idan kun haɗa laburaren wasu a cikin ƙunshin, takardun lasisinsu su bi shi.

Kada kuma ku dogara da fayil ɗin kod da GitHub ke haɗawa da kansa a ƙasan kowace siga. Ba ajiyayye ba ne, ƙirƙirarsa ake yi daga ma'ajin, kuma a Janairun 2023 wani sauyi a yadda ake matse shi ya canza lambobin SHA-256, gine-ginen mutane da yawa da suka kafe waɗannan lambobi suka karye har sai da aka janye sauyin. Ba ya kuma haɗawa da ƙananan ma'ajin da aka jingina. Ku haɗa naku, ku ɗora shi a matsayin fayil. Sai dai nan ma akwai darasi daga xz, manhajar matse fayil da aka gano an ɓoye mata ƙofar baya a Maris 2024: a siga 5.6.0 da 5.6.1, ɓangaren da ke kunna ƙofar bayan yana cikin ƙunshin kod da aka saki ne, ba ya cikin ma'ajin Git. Don haka injin gini ne ya kamata ya haɗa ƙunshin daga tag ɗin Git, wato alamar da aka sa wa kwamit ɗin sigar, ba kwamfutar wani mai kula ba, kuma a sa mataki da ke kwatanta abin da ke cikinsa da abin da ke cikin Git, duk fayil ɗin da ya ƙaru a san daga ina ya fito.

Sai sirri. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce wa upload-artifact ya kwashi jakar aiki gaba ɗaya. actions/checkout, matakin da ke jawo kod ɗin zuwa injin gini, ya daɗe yana barin makullin shiga a cikin saitin .git sai an sa persist-credentials ya zama false, ga fayilolin .env, ga takardar sa hannu da wani mataki ya warware ya manta bai goge ba. Sabbin sigogin upload-artifact sun daina kwasar ɓoyayyun fayiloli sai an ce su yi, amma makulli mai suna na yau da kullum zai wuce abinsa. Rufe sirri da taurari da ake gani a rahoto ma rubutun da ya yi daidai da sirrin kawai yake kamawa. In an juya shi zuwa base64 ko an yanka shi, zai iya fita tsirara, kuma ba ya duba cikin fayilolin da aka ɗora. Abin da zai ɓace a kwana 7 haɗarinsa kaɗan ne, wanda za a ajiye shekara goma kuwa yana jiran mai tono. Ku lissafa fayilolin da za a ɗora da sunansu ɗaya bayan ɗaya.

Ginin da ya fito daga gyaran baƙo kada ya taɓa shiga ma'ajin dindindin. Kod ɗin wanda ba ku sani ba ne ya samar da shi, amma adireshinku zai ɗauka, mai saukewa kuma sunanku ya gani. Makullin rubutu a ma'ajin a ba aikin da ke gudana a babban reshe da tag kawai, kuma ya zama mai iya ƙarawa ne, ba mai iya gogewa ko maye gurbi ba.

Ɗanlami_C

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura wurin ajiyar na dare. A yi musu Release ɗaya mai suna nightly a riƙa maye gurbinsa, ko a nemi ma'aji irin S3 na Amazon? Kuma masu gwaji a Linux na ƙorafin cewa abin da suka sauke daga Actions ba ya tashi sai sun yi chmod.

Rukayya_A

Na chmod ɗin daga zip ne: upload-artifact ba ya riƙe izinin fayil, don haka alamar "ana iya gudanarwa" na faɗuwa a hanya. Ku naɗe da tar tukuna, sannan ku ɗora tar ɗin. Ga macOS ma haka, don ƙunshin .app na ɗauke da mahaɗan fayil da ke lalacewa in ba a naɗe su da kyau ba.

Release guda da ake maye gurbinsa ya yi wa mai son na jiya kawai, amma ba ajiya ba ne, tunda na yau na cinye na jiya. Yin sabon Release kowane dare a babban ma'ajin kuma zai binne sigogin gaske, ya cika tag, ya dami masu bin sanarwa. Masu son zama a GitHub kan buɗe ma'aji na biyu don na dare kawai. Ma'aji irin S3 ya fi tsari, amma abu biyu. Dokar gogewa ta atomatik da ke cikinsa shekarun fayil take dubawa, ba ta san "bar ɗaya a mako" ba. Dabarar ita ce jaka uku: kowane dare a zuba a ta kullum mai dokar kwana 60, ranar Lahadi a ƙara kwafi a ta mako mai dokar kwana 730, ranar 1 ga wata a ƙara a ta wata wadda ba ta da doka. Na biyu, kuɗin da ke ba mutane mamaki yawanci na saukewa ne, ba na ajiya ba. Wani ya sa adireshin naku a rubutun gininsa, injinsa na jan megabait 80 sau ɗari a rana, ku ne za ku biya. A sa faɗakarwar kashe kuɗi tun ranar farko, ko a zaɓi mai ba da ajiya da ba ya cajin fita.

Sunan fayil ya ɗauki kwanan wata a tsarin shekara-wata-rana, da guntun lambar kwamit, da nau'in inji, misali 2025-03-14-a1b2c3d-linux-x86_64, kuma manhajar kanta ta faɗi wannan lamba idan aka tambaye ta --version. In ba haka ba mai kawo ƙara zai ce "na dare nake amfani da shi", ku rasa na wane daren. A gefen jakar a sa gajeren rubutu da ke cewa waɗannan na gwaji ne, ba a gyara musu ɓarakar tsaro, da kuma tsawon kwanakin da kowace jaka ke yi, don kada wani ya kafa aikinsa a kan adireshin da zai mutu bayan wata biyu.

Inusa_M

Ƙari kaɗan a kan sigogin da aka saki. Shafin Releases wuri ɗaya ne a hannun kamfani ɗaya, kuma duk mai izinin rubutu na iya goge fayil a ciki. A yi kwafi na biyu a wani wurin da makullinsa daban ne. Software Heritage na ajiye kod da tarihinsa, amma ƙunshin da aka gina ba aikinsu ba ne, don haka kada a ƙirga su a wannan. Sannan a sa ƙaramin aiki da ke tashi sau ɗaya a wata, ya sauke fayiloli daga kwafin biyu, ya gudanar da sha256sum -c a kansu, ya aika saƙo in wani bai dace ba ko ya ɓace. Aikin da aka tsara da lokaci a ma'aji na kowa da kowa GitHub na kashe shi idan ma'ajin ya yi kwana 60 ba motsi, don haka in ma'ajin ajiyar daban ne, a ɗora wannan aikin a babban ma'ajin da ake taɓawa kullum.